In An Ba 'Yarki Kemistiri A Jami'a, Ki Bar Ta Ta Tafi

 

Yau maganarmu a kan karatun jami'a ce, kuma fanni guda ɗaya na ɗauko, watau Kemistiri, wanda wasu kan kira ilmin sinadarai, wasu kuma su ce ilmin haɗa magunguna. Ga abin da ya jawo maganar. Kwanan baya na shiga gidan wata maƙwabciyata don in yi mata barka, saboda na ji an ce sunan 'yarta ya fito a jami'a. Maimakon in tarar da murna sai na tarar da gida tsit, yarinya ta shige ɗaki ko abinci ta ƙi ci. Ashe likita ta nema, sai aka ba ta Kemistiri. Mahaifinta ya ce shi dai in ba likita ba bai ga abin da za ta je ta yi har shekara huɗu ba, gara ta zauna gida har Allah ya kawo miji. Ita kuwa uwar sai ta dube ni ta ce, "To ni Yaya, in ba ɓata lokaci ba, don mutum ya buɗe kemis yana sayar da maganin ciwon kai sai ya yi shekara huɗu a jami'a?"

Na san ba gidan kaɗai ake wannan magana ba. Kowace shekara 'yan mata da yawa kan nemi likita ko haɗa magani na asibiti, guraben kuwa ba su da yawa, sai a tura su wasu sassan kimiyya, Kemistiri yana daga ciki. Wasu su tafi rai a ɓace, wasu kuma a hana su tafiya sam. Saboda haka na ga ya kamata mu zauna mu dubi abin da kyau, mu san mene ne shi, yaya ake karatunsa, me kuma yake amfanawa. Tun farko dai a sani, ba karatun buɗe kemis ba ne, sunayen ne kawai suka yi kama.

Abin da kika riga kika sani

Uwargida, ke da kike ganin ba ki san Kemistiri ba, tun kina yarinya kike yin sa a gindin murhu. In yakuwa ta yi tsami da yawa me kike jefa mata? Kanwa. In kika matsa lemon tsami a zoɓo sai ki ga ya ƙara ja, in kuwa ruwan kanwa ya taɓa shi sai ya yi duhu ya juya wajen kore. In aka zuba ɗan tsohon nono a madara aka rufe, kafin gari ya waye ta yi kindirmo. Kakanninmu sun tace toka sun dafa ruwanta da mai sun sami sabulun salo. Wadda ta taɓa zuwa marinar Ƙofar Mata a Kano ta ga yadda ake tsamo zane daga karofi yana kore-kore, da iska ta buge shi sai ya koma shuɗi a gaban idonta. To, wannan duka shi ne Kemistiri: sanin abin da kowane abu ya ƙunsa, da abin da ke faruwa in an haɗa shi da wani, ko an dafa shi, ko an bar shi a iska.

Ko sunayen da ake ji a aji ba baƙi ba ne ƙwarai. Kalmar kimiyya da muke faɗi da kalmar Kemistiri tushensu ɗaya ne, daga Larabci, alkimiya. Abubuwa masu tsami irin su lemo da tsamiya ana kiran su asid, masu kashe tsami irin su kanwa da ruwan toka kuwa ana kiran su alkali, ba fa alƙalin kotu ba, kalmar Larabci ce da ke nufin tokar wani tsiro. Darasin asid da alkali yana cikin na farko-farko da ɗaliba za ta tarar a jami'a, ga shi kuwa ta baro shi a tukunyar mahaifiyarta.

To, in haka ne, me jami'a za ta ƙara mata? Awo. Ke kina jefa kanwa da ƙiyasin hannu, ki ɗanɗana, ki ƙara ko ki bari. Hannunki da harshenki da idonki sun ƙware, ba mai musun wannan. Amma akwai abubuwan da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, harshe kuma yaudararsa suke yi. Irin waɗannan su suka fi cin rayukan 'ya'yanmu.

A shekarar 2008 aka sayar da wani maganin fitar haƙoran jarirai a Nijeriya wanda wani sinadari mai guba ya shiga cikinsa. Wannan sinadari ba shi da launi, ba shi da wari, zaƙi ma gare shi, amma ƙoda yake lalatawa. Yara 84 aka ƙidaya sun rasu. Ba uwar da za a ce ta yi sakaci, domin ko ta ɗanɗana maganin zaƙi za ta ji. A 2022 irin wannan guba ta sake hallaka yara fiye da 60 a Gambiya ta hanyar maganin tari.

Haka kuma a shekarar 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara suka riƙa amai da jijjiga suna mutuwa. Mutane na ɗauko duwatsun zinariya daga wurin haƙa su kawo cikin gida, a daka a niƙa, ƙura ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Ashe duwatsun cike suke da dalma. Sai da aka auna jinin yaran da ƙasar gidajen a ɗakin gwaje-gwaje sa'an nan aka san abin da ke kashe su, bayan an rasa yara wajen 400. Daga nan aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa, aka ba yaran maganin da ke kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari. Wanda ya iya ɗaukar ƙasa cokali ɗaya ya faɗi yawan dalmar da ke ciki, wannan shi ne mai ilmin Kemistiri. Abin da aka ba 'yarki ta koyo ke nan.

Yadda ake shiga

Ke 'yar makaranta, shirin yana farawa tun daga aji huɗu na sakandare, ranar da kika zaɓi ajin kimiyya. Ana bukatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, a ciki har da Turanci da Lissafi da Kemistiri da Fizis, na biyar kuma yawanci Bayoloji. A jarrabawar JAMB za ki ɗauki Turanci da Kemistiri, da biyu daga cikin Fizis da Lissafi da Bayoloji. Jami'o'i sukan ɗan bambanta, saboda haka ki duba ƙa'idar wadda kike so kafin ki cike takarda. Wadda ta riga ta yi NCE ko difloma a fannin tana iya neman shiga kai tsaye aji biyu, wannan kuwa hanya ce mai kyau ga matan aure da suka katse karatu suna son komawa.

Ba sai an yi nisa da gida ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, da Jami'ar Bayero ta Kano, da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da ta Maiduguri, da ta Jos, duka suna da sashen Kemistiri, haka ma yawancin jami'o'in jihohi.

Abu ɗaya zan ja kunnenki a kai: kada ki yi wasa da Lissafi. 'Yan mata da yawa sun shigo da tunanin Kemistiri haddace sunaye ne da haɗa ruwa mai launi, sai suka tarar rabinsa lissafi ne. In kin san kina da rauni a nan, tun yanzu ki nemi mai koya miki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Shekara huɗu

Shekarar farko ta share fage ce. Za a haɗa ku da ɗaliban sauran sassan kimiyya a babban zaure, wani lokaci ɗaruruwa, a koya muku Kemistiri da Fizis da Lissafi da Bayoloji da Turanci. Yawancin abin zai yi miki kama da na sakandare, nan kuwa tarkon yake. Yarinya ta ga ta san abin, ga ba uwa ba uba a kusa, sai ta saki jiki. Ki sani makin kowace shekara ana tara shi ne har ranar fita. A yawancin jami'o'inmu ana auna sakamako a kan maki 5.00, mai 4.50 zuwa sama ita ce mai daraja ta ɗaya, mai 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu babba. Ramin da aka haƙa a shekarar farko da wuya a cike shi a ta huɗu.

A nan za ki saba da allon nan da ake rataye shi a kowane ɗakin Kemistiri, wanda wani masani ɗan Rasha mai suna Mendeleev ya fara tsara shi a 1869. Sinadarai na asali 118 ne a kansa, kuma duk abin da kika taɓa gani, daga ruwan randa har zinariyar kunnenki, daga cikinsu aka haɗa shi. Dubi gishirin miya. Abu biyu ne suka haɗu: sodiyam, wani ƙarfe mai laushi da ke iya kamawa da wuta in ya faɗa ruwa, da kulorin, iska mai guba. Kowanne shi kaɗai halaka ne, da suka haɗu sai ga abin da ba a miya sai da shi. Za a kuma koya miki ƙidaya abin da ba a gani. Ruwa giram 18, watau cokalin cin abinci ɗaya da ɗan ɗori, yana ɗauke da ƙwayoyin ruwa da yawansu ya kai lamba 6 da sifili 23 a bayanta. Da irin wannan ƙidaya ake sanin nawa za a zuba na wannan don ya cinye nawa na wancan, ba ragi ba ƙari.

Daga shekara ta biyu karatun yakan rabu gida huɗu. Akwai Oganik, ilmin abubuwan da aka gina da kabon, watau sinadarin da ke cikin gawayi: mai da sukari da fetur da roba da yawancin magunguna duka nan suke. Shi ne ɗalibai suka fi kuka da shi, domin zane-zane ne na yadda ƙwayoyi ke kama juna suna saki, kuma wadda ta ce haddace shi za ta yi ba tare da ta gane dalili ba, kanta zai cika ya zube. Akwai Inoganik, na ƙarafa da gishiri iri-iri da ma'adinan ƙasa. Akwai Fizikal, mai tambayar me ya sa wani haɗi ke fitar da zafi, me ya sa wani ke sauri wani ke nawa, me ya sa nama ke saurin lalacewa da bazara ya daɗe a firji. Nan lissafi ya fi yawa. Na huɗu shi ne Analitikal, ilmin awo da tantancewa: mene ne a cikin wannan abu, kuma nawa ne? Shi ne wanda ya yi aiki a Zamfara.

A shekara ta uku yawanci ana tura ɗalibai koyon aiki na wata shida a ma'aikatu da masana'antu, a ƙarƙashin shirin SIWES da aka fara tun 1973. A ta huɗu kuma kowace ɗaliba za ta ɗauki bincike nata na kanta a hannun malami guda, ta rubuta kundi, ta tsaya gaban malamai ta kare shi. A nan nake son 'yan matanmu su buɗe ido, domin tambayoyin suna nan cikin gidajenmu. Me ke cikin ruwan rijiyar unguwarku? Tozalin da ake sa wa jarirai, wanda bincike ya sha nuna wani irinsa dutsen dalma ne tsantsa, wanne ne mai lafiya a kasuwarku? Man shafawar da ake sayarwa don hasken fata, akwai zaiba a cikinsa? Ɗalibi namiji ba lalle irin waɗannan tambayoyi su zo masa a rai ba, ko sun zo ma ba kowane gida zai shiga ya ɗebo abin gwaji ba. Ke kuwa har ƙuryar ɗaki za a kai ki.

Ɗakin gwaje-gwaje

Rabin karatun nan a tsaye ake yin sa, a ɗakin gwaje-gwaje, sa'a uku ko fiye a zama ɗaya. Bari in ba ki misalin aikin da za ki yi ta maimaitawa har ki iya shi kamar tuƙin tuwo. Za a ba ki wani dogon bututun gilashi mai zane-zanen awo, da ɗan famfo a gindinsa. Ki cika shi da ruwan alkali wanda aka san ƙarfinsa. A ƙarƙashinsa ki ajiye kwalba mai ɗauke da asid wanda ba a san ƙarfinsa ba, ki ɗiga masa wani ruwa mai nuna alama, irin aikin da zoɓo ya yi ɗazu. Sa'an nan ki buɗe famfo a hankali, hannu ɗaya na riƙe da shi, ɗaya na juya kwalba. Ruwa fari fat, kina ɗigawa, kina ɗigawa, can sai ɗigo guda ya faɗa, ruwan duka ya koma ruwan hoda. Nan za ki tsaya cak, ki karanta awo, ki rubuta. In hannunki ya zarce da ɗigo biyu aiki ya ɓaci, sai ki wanke kwalba ki sake. Kuma ko ya yi kyau sai kin maimaita har awonki ya zo daidai da juna sau biyu ko uku.

Wannan aiki haƙuri yake koyarwa, da gaskiya. Ranar da awonki ya ƙi fitowa daidai, ga yunwa ga magariba ta gabato, za ki ga wasu na kwafe lambar maƙwabta, ko su gyara tasu ta yi kyau. Kada ki fara. Ki rubuta abin da kika gani, ki faɗi inda kike zaton kuskuren ya shigo. Wadda ta saba gyara lamba tana ɗaliba, ita ce wata rana za ta sa hannu a kan maganin da ba ta auna ba, ɗan wata ya sha.

Akwai kuma ƙa'idojin tsare kai, waɗanda iyaye ma ya kamata su sani don hankalinsu ya kwanta. Ba a shiga sai da farar riga da tabarau na kariya da rufaffen takalmi. Mai hijabi ko mayafi ta cusa shi cikin farar rigar, kuma na auduga ya fi, domin yadin roba in wuta ta taɓa shi narkewa yake ya manne a fata. Ba a ci ba a sha a ciki, ba a ɗanɗana komai, ba a kai hanci bakin kwalba. In za a sirka asid mai ƙarfi, shi ake zubawa a ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa a cikinsa, domin zai tafasa ya fantsamo fuska. Matar aure kuma da zarar ta san tana da juna biyu, ta sanar da malamin da ke kula da ɗakin, kada kunya ta hana ta, saboda akwai sinadaran da bai kamata mai ciki ta shaƙa ba. In an kiyaye waɗannan, hatsarin ɗakin bai kai na madafin da ake ajiye fetur kusa da murhu ba.

Ba zan ɓoye muku wahala ba. A jami'o'inmu da yawa kayan aiki sun yi kaɗan, ɗalibai biyar ko goma kan taru a kan bututu ɗaya, wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, wata na'urar kuma sai dai a gan ta a littafi. In an taru haka, 'yan mata sukan ja baya su bar maza su riƙe kayan, su kuwa su zama masu rubutu. Kada ki yarda. Ki sa hannu, domin hannun da bai riƙe famfon nan ba bai koyi komai ba. Ga kuma yajin aikin malamai, wanda a 2020 ya ci wata tara, a 2022 ya ci wata takwas, har shekara huɗu ta zama biyar ko fiye ga waɗanda abin ya rutsa da su.

Aure da karatu

Wata za ta ce duk wannan na marasa aure ne. Bari in ba ku labarin Dorothy Hodgkin, 'yar Ingila da aka haifa a Alƙahira a 1910. Iyayenta sun yi aiki a Sudan, kuma tana yarinya, da ta kai musu ziyara Hartum, ta fara gwada duwatsun da ta tsinta a lambu don ta san abin da ke cikinsu. A makarantarsu ita da wata yarinya guda kaɗai aka yarda su shiga ajin Kemistiri tare da maza. Ta yi digirinta a Jami'ar Oksfod daga 1928 zuwa 1932, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya uku, ga ciwon gaɓoɓi da ya nakasa mata yatsu tun tana da ƙuruciya. Duk da haka ita ta gano yadda ƙwayar maganin fenisilin take a gine, ta kuma yi shekara 35 tana bin insulin, maganin masu ciwon sukari, har ta warware shi a 1969. Tana Gana tare da mijinta a 1964 labari ya iske ta cewa an ba ta kyautar Nobel. Cikin ɗalibanta akwai Margaret Thatcher, wadda ta zama Firayim Ministar Ingila a 1979. Mu ma nan gida, marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa Kemistiri da koyarwa ya karanta a Zariya, ya gama a 1975, ya kuma koyar da shi kafin ya shiga kasuwanci da mulki.

Sai dai a faɗi gaskiya, mai aure ba za ta iya ita kaɗai ba. Darasin aji in ya wuce ki kya ari littafin ƙawa, amma ranar gwaje-gwaje in ta wuce ta wuce. Saboda haka tun kafin a fara, a zauna da maigida a yi magana a fili: ranaku kaza ba zan dawo ba sai yamma, wa zai riƙe yaro, yaya za a yi da abincin rana. Abin da aka shirya tun farko ba ya zama rigima daga baya.

Bayan an gama fa?

Wannan ita ce tambayar mahaifin yarinyar nan, kuma yana da gaskiyar yin ta. Bayan hidimar ƙasa ta shekara ɗaya, mai digirin Kemistiri tana iya aiki a hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna, wadda aka kafa a 1993, tana kuma da ɗakin gwaje-gwaje a Kaduna. Tana iya aiki a hukumar ruwa, inda ake auna alif da kulorin da za a zuba kafin ruwa ya iso famfonki. Akwai masana'antun siminti irin na Sakkwato da Ashaka, da na takin zamani da man girki da sabulu da lemon kwalba da jima, kowannensu yana bukatar mai auna kaya kafin su fita kasuwa. Akwai cibiyar binciken sinadarai ta ƙasa da ke Basawa a Zariya. Mai son ci gaba kuma ta yi digiri na biyu da na uku ta zama malamar jami'a.

Ba na ce aiki na jiran kowa a bakin ƙofa ba, kun san halin da ake ciki. Da yawa koyarwa za su yi, kuma kada a raina wannan. Makarantun 'yan mata nawa ne a ƙauyukanmu da ba su da malamar Kemistiri ko ɗaya? Likitar matan da muke ta kukan babu, ai sai ta ci Kemistiri a sakandare kafin ta zama likita, to wa zai koya mata? Wasu kuma sana'a za su kama, sabulu da man shafawa da turare da maganin wanke ɗaki, amma da sanin abin da suke zubawa da yawansa. Wadda ma ba ta fita aiki ba, gidanta ya sami mai sanin cewa ba a haɗa ruwan bilic da maganin wanke masai, domin iska mai guba suke fitarwa, kuma ba a kwana da janareta ko garwashi a rufaffen ɗaki.

Ke uwa, ga naki aikin. Ba sai kin iya karatun ba kafin ki taimaka. Ki rage mata aikin gida lokacin jarrabawa. Ki tambaye ta sakamakonta kowane zango, ki sa ta yi miki bayani. In ta zo hutu ki ce ta gaya miki me ya sa kanwa ke sa wake saurin nuna. In ta iya faɗa miki da Hausar da za ki gane, to, karatu ya zauna. In kuma maigida ne ke jan ƙafa, ke kika san lokacin da ake yi masa magana ya ji.

Ke kuma da aka ba ki Kemistiri alhali likita kike so, ba laifi ki yi baƙin ciki kwana biyu. In kin ga za ki sake jarrabawa baɗi, wannan shawara ce tsakaninki da iyayenki. Amma in kin karɓa, ki karɓa da hannu biyu. Abin da ya fi ɓata ɗalibai a wannan sashe shi ne zama da ƙafa ɗaya a waje, shekara ta wuce ana jiran canji, canji bai zo ba, maki kuma ya lalace.

Maƙwabciyata dai na zauna na yi musu wannan bayani, ita da 'yar. Mahaifin bai ce komai ba da aka kai masa maganar, sai bayan mako biyu ya tambayi nawa ne kuɗin rajista. Shekaranjiya yarinyar ta shigo gaishe ni da farin yadi a leda, za ta kai wa tela. Ta ce, "Gwaggo, an ce rigar ta wuce gwiwa, hannunta kuma dogo." Na ce haka ne, a kuma sa mata aljihu babba na littafin rubuta awo.

Ina jiran wasiƙunku, musamman ku da kuka yi wannan karatu ko kuke cikinsa, ku ba ƙannenku labarin abin da kuka tarar. Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya ba su ilmi mai amfani. Sai mun sake saduwa a wannan fili.